DARASIN KIWO: Kare Mai Ciwon Ƙarancin Jini da Yadda Za Mu Kula da Shi

An shirya wannan darasi domin ƙungiyoyin manoma na ikkilisiya, zumuntar mata, da matasa. Mai jagora ya sa a karanta Karin Magana 12:10 da Littafin Firistoci 17:11 kafin a fara.

Mun san wani zai ce, ga tsadar taki, ga tsadar man inji, ga ruwan da ba ya isa gonakin ƙarshen kanal, sai kuma maganar kare? To, bari mu duba. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya shigo ƙasar Kura, Bunkure da Garun Malam, manomi ba ya hutawa rani da damina. Idan tumatir ya nuna, ko an tara shinkafa a gona ba a kwashe ba, ko an bar injin ban-ruwa a bakin fadama, wa yake kwana a wurin tare da mai gona? Kare ne. Shi ne kuma yake tsaron awaki da rumbu a gida sa'ad da kowa ya tafi sujada. Ayuba ya ambaci karnukan da suke tsaron garkensa. Annabi Ishaya kuwa, da yake tsauta wa shugabannin da suka yi sakaci, ya kwatanta su da karnukan da ba su iya haushi ba. Ayar da muka karanta a Karin Magana ta sa kula da ran dabba cikin alamun mutumin kirki, ba ta kuwa zaɓi saniyar da take kawo kuɗi ta bar kare ba.

Abin da yake faruwa a cikin jini

A cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Su ne suke ɗaukar iska mai amfani daga huhu su kai ta ko'ina cikin jiki. Ana yin su a cikin ɓargo. A jikin kare kowace ƙwaya tana aiki kamar wata huɗu, sa'an nan saifa da hanta su kawar da ita, ɓargo ya mayar da sabuwa. Jini yakan ragu ta hanya uku: ko ya zuba, ko ɓargo ya kasa yin sabo, ko kuwa ƙwayoyin su farfashe a cikin jiki tun lokacinsu bai yi ba. Wannan ta ukun ita ce darasinmu.

Allah ya sa garkuwa a jikin kowace dabba. Aikinta kamar na 'yan sintirin ƙauye ne, waɗanda suka san kowane ɗan gari, suna kama baƙon da ya shigo da mugun nufi. A wannan ciwo sai 'yan sintirin su ruɗe, su fara kama 'yan gida. Garkuwar tana sa wa jajayen ƙwayoyin kare alama kamar abokan gaba, saifa da hanta kuwa su yi ta hallaka su fiye da yadda ɓargo zai iya mayarwa. Likitocin dabbobi suna rubuta sunan ciwon da haruffa huɗu, IMHA. Mun kawo su ne domin ku gane in kun gan su a katin asibiti. Wani lokaci ciwon yakan zo haka kawai ba a san dalili ba, an fi kuwa ganin wannan ga karya mai matsakaicin shekaru da wasu irin karnukan Turai. Wani lokaci kuma akwai abin da ya tsokani garkuwar, kamar cutar kaska, ko wani magani, ko ciwon daji. Ciwon kansa ba ya kama mutum, ba ya kuma tsallakawa daga wannan kare zuwa wancan.

Alamu

Karen da ya saba tarye ku a bakin zaure sai ya kwanta ya ƙi tashi. Ya ƙi abinci. In ya bi ku gona sai ya tsaya a hanya yana haki, zuciyarsa tana bugawa da sauri. Wani yakan lashi ƙasa ko bango. Fitsarinsa yakan yi duhu kamar baƙin shayi, wani lokaci kamar ruwan zoɓo. Amma babbar alama tana cikin baki. Dasashin lafiyayyen kare ja ne mai haske, kamar cikin leɓenku. Na mai ƙarancin jini yakan yi fari fat. In ƙwayoyin suna farfashewa da yawa, launin da ke cikinsu yakan fi ƙarfin hanta, sai dasashi da farin ido da fatar ciki su koma rawaya, kamar mutum mai ciwon shawara. Wannan yana iya faruwa cikin kwana biyu ko uku. Kare mai farin dasashi ba na a jira ranar kasuwa ba ne.

Kafin kowa ya sa hannu a bakin kare

A nan sai mu yi hankali ƙwarai, gama ran mutum ya fi na kare. Ba kowane kare mai ciwon hauka yake yawo yana cizo ba. Akwai wanda yakan yi shiru, ya ɓuya a lungu, haɓarsa ta saki, yawu yana zuba, kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya. Mutane da yawa sun kamu ta wurin sa hannu su ciro ƙashin da babu shi. Idan halin kare ya sake, ko yana dalalar da yawu, ko ya kasa haɗiya, ko muryarsa ta canza, kada kowa ya taɓa bakinsa. A tsare shi inda yara ba za su kai ba, a kira ma'aikacin dabbobi. In ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a kai mutumin asibiti a ranar, a kuma tsare karen kwana 10 ana lura da shi. Haukan kare, da zarar alamunsa sun bayyana ga mutum, ba shi da magani. Saboda haka ne ake yi wa kare allurar rigakafi kowace shekara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu yin wannan allura, ana kuma tunawa da cutar a duniya kowace 28 ga Satumba.

Idan karen naku ne, an yi masa allura, halinsa bai sake ba sai dai rashin ƙarfi, babba ɗaya ya ɗaga leɓensa a hankali da rana a cikin haske. In yana da rauni a hannu, ya bar wa wani.

Waɗanda za a fara zargi a ƙasarmu

Na fari kaska ce. Tana ɗauke da wata ƙwayar cuta mai suna Babesiya, wadda take shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini ta hayayyafa ta fasa su, kamar yadda ƙwayar zazzaɓin cizon sauro take yi wa mutum. An sa mata sunan wani likitan ƙasar Romaniya, Victor Babes, wanda ya fara ganinta a jinin shanu a 1888. Abin lura shi ne, ɓarnar da garkuwar jiki take yi sa'ad da take faɗa da wannan ƙwaya takan fi wadda ƙwayar ta yi da kanta, domin tana haɗawa da ƙwayoyin jinin da ba su kamu ba. Wato cutar kaska da ciwon da muke magana a kai sukan zo tare a jikin kare ɗaya. Kaskar tana kuma ɗauke da wata ƙwaya, Erlikiya, wadda takan sa zazzaɓi da haɓo.

Na biyu zai ba wasunku mamaki, ita ce albasa. Mu da muke noma ta, muna shanya lawashi, muna zubar da ruɓaɓɓiya a bayan gida, ba mu ɗauke ta a bakin komai ba. Amma akwai wani sinadari a cikinta da ke lalata jajayen ƙwayoyin kare, ɗanya ce, ko dafaffiya, ko busasshiya. Tafarnuwa ma haka. Albasa ɗaya matsakaiciya tana iya taɓa jinin kare mai nauyin kilo 15, alamun kuwa ba sa fitowa sai bayan 'yan kwanaki, lokacin da kowa ya manta abin da karen ya ci. Ɗan abin da ke cikin miyar gida ba kullum yake kawo lahani ba. Haɗarin yana ga ranar biki ko Kirsimeti, sa'ad da ake juye wa kare ragowar soyayyiyar albasa da ƙasan tukunya har kwana uku a jere.

Sai gubar ɓera da ake sawa a ɗakin ajiyar shinkafa. Wata irinta tana hana jini daskarewa, kare ya ci gubar ko ɓeran da ya ci ta, jini ya yi ta zuba a cikinsa. Ga 'yan kwikwiyo kuwa, tsutsar hanji mai shan jini ce kan gaba, tana kuma son ƙasa mai laima irin ta bakin kanal. Akwai wata cuta kuma da ake ɗauka daga fitsarin ɓera a cikin ruwan gona, mai taɓa hanta da ƙoda, ita ma tana sa kare ya yi rawaya, tana kuma kama mutum. Domin wannan, duk mai share fitsarin karen da ya yi rawaya ya sa leda a hannu, ya wanke hannu da sabulu.

Kun ga ke nan, farin dasashi ɗaya ne amma dalilansa da yawa, maganin wannan kuma yana iya kashe mai wancan. Ido ba ya rarrabe su. Sai an duba jinin.

A wurin likitan dabbobi

A fara da ma'aikacin dabbobi na sashen gona a ƙaramar hukuma. In abin ya fi ƙarfinsa, akwai asibitin dabbobi na Gwale a cikin Kano, akwai kuma asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. A ɗauki karen, kada a sa shi tafiya da ƙafa cikin rana. A faɗa wa likita gaskiyar duk abin da aka riga aka ba shi.

Zai ɗebi jini kaɗan ya auna yawan jajayen ƙwayoyi. Ga lafiyayyen kare sukan kai kashi 37 zuwa 55 cikin ɗari na jinin. In sun sauka ƙasa da 20, ciwon ya yi tsanani. Zai shafa ɗigo ɗaya a gilashi ya duba da madubin likita ko zai ga Babesiya. Zai iya kuma gauraya ɗigon jini da ruwan gishirin asibiti. In ƙwayoyin suka dunƙule kamar tsaki, alama ce garkuwar jiki ta kama su. Akwai wani gwaji mai tabbatarwa da ake kira gwajin Kums, da sunan Robin Coombs na Ingila, wanda ya fito da shi tare da abokan aikinsa a 1945. Shi kansa likitan dabbobi ne tun asali, har yau kuwa ana amfani da gwajinsa a asibitocin mutane wajen ƙarin jini da duba mata masu ciki.

Idan cutar kaska ce, akwai allurarta, kare da yawa kuma sukan farfaɗo cikin 'yan kwanaki. Amma ga gargaɗi. Ɗaya daga cikin magungunan shi ne wanda makiyaya suka sani da sunan Berenil, da ake yi wa shanu domin sammore. Saniya tana jure shi, kare kuwa tazarar da ke tsakanin abin da zai warkar da shi da abin da zai lalata masa ƙwaƙwalwa ƙanƙanuwa ce. Dole a auna nauyin karen a kan sikeli, ba a kuma maimaita allurar gobe ko jibi don an ga bai tashi ba. Maƙwabci mai kirki wanda ya iya yi wa shanunsa allura bai isa ya kimanta wannan da ido ba.

Idan kuwa garkuwar jiki ce take cin jinin, maganin da ake fara ba da shi shi ne Prednisolone, mai kwantar da garkuwar. Sau da yawa likita yakan ƙara wani magani na hana gudajin jini, domin abin da ya fi kashe irin waɗannan karnuka shi ne gudan jini da ke toshe jijiyar huhu. Wanda jininsa ya yi ƙasa ƙwarai yana bukatar ƙarin jini daga wani babban kare lafiyayye. Ba a sa wa kare jinin mutum. Da gangan ba mu rubuta yawan ƙwayoyin da ake bayarwa ba, gama mun san ana samun waɗannan magunguna a kowane kemis. Maganin da ke kwantar da garkuwa, in aka ba karen da ke ɗauke da cutar kaska ba tare da an kashe cutar ba, an buɗe mata ƙofa ne.

Jinya a gida

Yawancin aikin a gida ake yinsa, kuma na watanni ne. A ba karen wuri mai inuwa da iska, a shimfiɗa masa buhu mai tsabta. Ba farauta, ba bin keke zuwa gona, ba kwana a fadama, sai likita ya ce jinin ya dawo. Prednisolone yakan sa ƙishirwa mai yawa, da yawan fitsari, da yunwa, da haki. Waɗannan aikin maganin ne. Kada a janye masa ruwa don yana jiƙa tsakar gida, kada kuma a doke shi. Ruwan ya zama irin wanda ku kuke sha, ba na kanal ba. A ba shi abinci kaɗan kaɗan sau uku ko huɗu: tuwo ko shinkafa da dafaffen ƙwai, ko kifi marar ƙaya, ko 'yar hanta, a ɗebe masa kafin a zuba miya mai albasa. A ba da maganin tare da abinci.

Mutane sukan so su sayo maganin ƙarin jini na kwalba. A wannan ciwo ba ya yin wani abin kirki, domin sinadarin ƙarfen da ke cikin ƙwayoyin da suka fashe bai fita daga jiki ba, jiki yana sake amfani da shi. Gara a ajiye kuɗin domin komawa gwaji. Kada kuma a ba shi farasitamol, ko ibuprofen, ko diclofenac. Na farkon yana iya lalata jini da hanta, sauran biyun kuwa in suka haɗu da Prednisolone suna iya huda ciki.

A ba yaro ɗaya ɗan makaranta littafin rubutu, ya riƙa rubuta abin da babba ya gani safe da yamma: launin dasashi, launin fitsari, ko ya ci abinci, ko an ba da magani. Wannan littafi yana taimakon likita fiye da "da sauƙi" da muka saba amsawa. In dasashi ya ƙara fari, ko numfashi ya yi wuya alhali karen yana kwance, ko kashinsa ya yi baƙi kamar kwalta, ko ya yi ta amai, a koma a ranar.

Inda aka fi yin hasara shi ne bayan mako biyu ko uku, sa'ad da kare ya tashi yana kaɗa wutsiya, mai gida ya ce ya warke, ya daina magani. Ba a tsayar da wannan magani farat ɗaya. Likita ne yake rage shi kaɗan kaɗan, kamar kowane mako uku, bayan ya auna jini, duka kuwa yakan ɗauki wata 3 zuwa 6. Ko bayan an gama, ciwon yakan dawo wa wasu. In lokacin allurar haukan kare ya zo ana cikin jinya, a faɗa wa mai allurar, likita ya tsai da ranar da ta dace.

Maganar kuɗi

Ba za mu ɓoye muku ba. Cutar kaska da aka kama da wuri tana da sauƙin magani. Amma ainihin ciwon garkuwa mai cin jini yana da tsada, yana kuma kisa. Ko a ƙasashen da suke da manyan asibitocin dabbobi ana rasa karnuka da yawa, a wasu wurare har kusan rabi, yawanci cikin makonni biyu na farko. Ba mu ce iyali su sayar da buhun shinkafar da za su ci, ko su taɓa kuɗin makarantar yara, saboda kare ba. Wanda ya auna ya ga ba zai iya ba, bai yi zunubi ba. Abin da muke gani bai dace da mai bi ba shi ne a kori dabbar da ta yi shekaru tana tsaron gidan ta je ta mutu a juji, ko a bar yara su jefe ta, ko a yi sauri a sayar wa masu sayen karnuka da suke kai su kasuwa irin ta Dawaki a Filato, alhali an san ba ta da lafiya, jikinta kuma cike da magani, wani zai ci. In ba bege, likitan dabbobi yana da allurar da take kawo ƙarshen wahalar ba tare da azaba ba. A binne gawar da zurfi, nesa da rijiya da hanyar ruwa. A kuma faɗa wa yaran gidan gaskiya, gama sau da yawa su ne suka fi shaƙuwa da karen.

A nan mai jagora ya tsaya a tattauna. Karnuka nawa ne suka mutu a ƙauyenmu bara, me muka ce ya kashe su? In gidaje biyar suka haɗa kuɗin mai, ma'aikacin dabbobi ba zai zo ya duba na kowa a rana ɗaya ba?

Kaska

Kaskar kare ba a jeji take zama ba, a gidanmu take. Mace ɗaya in ta ƙoshi da jini takan sauka ta shiga tsagar bango ta yi ƙwai dubbai, 'ya'yan kuma suna iya yin watanni a ɓoye ba su ci komai ba. Shi ya sa ake wanke kare yau, bayan mako a ga ya sake cika. Sai an haɗa da wurin kwanansa: a lilliƙe tsagogin bango da ƙasa ko siminti, a share, a ƙone tsohon buhu. Yawanci kaska sai ta kwana ɗaya ko biyu a maƙale kafin ta zuba Babesiya, saboda haka dubawa kowace yamma tana da amfani ƙwarai. A duba cikin kunne, wuya, da tsakanin yatsu. A kama ta dab da fata a ja a miƙe, a jefa cikin ɗan kananzir a gwangwani, kada a murtsuke ta da farce.

Kada a shafa wa kare fiya-fiya, ko maganin feshin tumatir, ko baƙin mai. Suna shiga ta fata, karen kuma yana lashewa, yaran da suke wasa da shi ma suna taɓawa. Akwai magungunan da aka yi domin kare, na wanka, na ɗigawa a ƙeya, har da ƙwayar haɗiya mai aiki wajen wata uku. A tambayi ma'aikacin dabbobi wanda ya dace da nauyin karen. Wasu daga cikinsu suna kashe kyanwa, kada a haɗa ta. Ruwan wankan kuwa a zuba shi a rami a rufe. In ya shiga kanal yana kashe kifi, akwai kuma masu wanka da shayar da dabbobi a ƙasa da ku.

Kafin taro na gaba, kowane gida mai kare da aka yi wa allura ya duba dasashinsa yanzu da yake lafiya, domin ido ya san launinsa na gaskiya. Sakataren ƙungiya ya rubuta yawan karnukan ƙauyen, da waɗanda ba a yi musu allurar hauka ba cikin wata 12 da suka wuce, ya kawo wa dattawan ikkilisiya domin a sa ranar gayyato ma'aikacin dabbobi.